Akushin da Na Bari Ya Tsage

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya kai ka lafiya garin da aka tura ka bautar ƙasa. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da direba mai gaggawa da abokin banza, ya haɗa ka da mutanen da za su riƙe ka kamar nasu. Na cusa wannan takarda a aljihun gefe na jakarka da gangan. Kafin ka gan ta kun wuce Zariya, ba ka da halin juyowa ka ce mini "ba komai, Umma", wanda shi ne abin da ba na son ji.

Ka san ni da baki. Shekarun da na yi ina koyar da adabi a makarantar 'yan mata, babu ɗalibar da ta taɓa cewa Malama ta rasa abin faɗa. Amma kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa maka, don haka ko sunanka na yanka ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da kai in ce na yi kuskure. Da alƙalami zan iya.

Maganar sassaƙa ce. Wata huɗu ke nan rabonka da itace. Na ga lokacin da ka naɗe wuƙaƙenka a tsumma ka tura ƙarƙashin gado, kuma da kake haɗa kaya jiya ko kallon wajen ba ka yi ba. Ni na jawo haka, kuma so nake ka koma. Duk abin da zan rubuta daga nan a kan wannan yake.

Kakanka Malam Garba masassaƙi ne. Wannan ka sani, amma iyakar abin da ka sani ke nan, domin duk lokacin da ka tambaye ni sai in tuna akwai tukunya a kan wuta. Rumfarsa tana ƙofar gidanmu a Gwammaja. Yana sassaƙa turmi da itacen kirya, allo da na aduwa, akushi da na ɗinya, ya tara ya kai wa masu rumfa a Kasuwar Kurmi. Ni ce babba, ƙannena maza kuwa sai can daga baya aka haife su, saboda haka ni nake zama gefensa ina miƙa masa kayan aiki. An ce mace ba ta sassaƙa. Ba wanda ya ce ba ta kallo, ni kuma Allah ya ba ni ido.

Kuskurena na farko ina da shekara tara na yi shi. Yana da wata 'yar ƙaramar wuƙa da yake gyara bakin akushi da ita, ba mai taɓa ta. Ranar nan ya tafi masallaci, na ɗauke ta na fere rake, na datse gaɓoɓi uku, na mayar da ita inda take. Da ya dawo ya ɗauka, ya duba, ya dube ni.

"Dije, wa ya sha rake da wuƙata?"

"Ba ni ba ce, Baba."

"To ita ta sha da kanta ke nan. Ga zaƙin nan a bakinta, har ƙudaje sun zo yi mata barka."

Bai dake ni ba. Ya miƙo mini dutsen wasa wuƙa da ruwa a gwangwani, ya ce in zauna. Tun daga azahar har aka kira la'asar ina wasawa, ina kai masa yana gwadawa a gashin hannunsa yana dawo mini da ita. Da ta yi, sai ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya nuna mini tabo huɗu, ya ce duk dakusasshiyar wuƙa ce ta yi masa su, domin ita sai ka danna da ƙarfi, idan ta kuɓuce kuma da ƙarfin nan za ta same ka. Na gode wa Allah da ya ba ni uban da ya hukunta ni da koyarwa. Ni da na girma ban iya haka ba.

To ka ji. Na sha ganinka kana danna wuƙa har jijiyar wuyanka ta tashi. Ba itacen ne ya yi tauri ba, wuƙarka ce ba ta ci. Ka wasa kafin ka fara, ka sake wasawa da zarar ka ji kana ƙara ƙarfi. Hannun da ya riƙe itacen ya zauna a bayan kaifi kullum. Ka duba yadda jijiyar itacen ta kwanta ka bi ta; idan ka ga yana yagewa maimakon ya fita sumul, juya shi ka zo ta ɗaya gefen. Kada ka ara wa kowa wuƙarka, ko da albasa ɗaya ya ce zai yanka. Kuma kada ka sassaƙa kana cikin fushi. A kan fushi dai ka yarda da ni, na ƙware.

Na biyu ya fi nauyi. Lokacin da aka sa ranar aurena da babanku, ina ganin kaina 'yar boko, na gama kwalejin horon malamai, na karanta littattafan da ko sunansu ba a sani ba a layinmu. Baba ya yi kusan shekara yana shirya mini akushi shida na ɗinya, daga babba har ƙarami, kowanne da murfinsa, yana shiga cikin ɗan'uwansa daidai. Ya ƙona musu zane a baki da jan ƙarfe, ya shafe su da man gyaɗa har suna ɗaukar ido. Ranar jere, da mata suka zo shirya ɗaki, aka cika kabad da tangaran da kwanonin samira, sai wata ta ɗago akushin ta ce ina za a sa waɗannan. Na dubi dangin babanku, 'yan gidan ma'aikata, masu shan shayi a kofin gilashi. Na ce a tura su ƙarƙashin gado.

Bayan kwana bakwai Baba ya zo ganin ɗaki. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya bi kabad ɗin da kallo daga sama har ƙasa, a hankali, yadda yake duba itace kafin ya sa gizago. Sannan ya ce, "Ɗaki ya yi kyau, Dije. Allah ya sa albarka." Ya sha ruwa ya tafi. Har ya koma ga Allah bai taɓa tambayata ba. Tangaran ɗin nan kuwa kai da ƙannenka kun farfasa su tun kafin ka shiga firamare. Akushin na rabar da su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɓoye shaidar laifi. Na ƙarshen na gan shi a gidan wata maƙwabciya ana zuba wa kaji dusa a ciki, ko tsagewa bai yi ba.

Na karanta labarai da yawa a kan 'ya'yan da suka ji kunyar iyayensu, har na koyar da wasu a aji, ina tsawata wa yara su lura da darasi. Ban taɓa gane cewa ni ake nufi ba. Shawarata a nan gajeriya ce. Abin da ka yi da hannunka, ko wani ya yi maka da nasa, ka ajiye shi inda ido zai gani. Wanda zai yi dariya ya yi. Mutanen da na ji tsoron dariyarsu, rabinsu yanzu suna sayen akushi a shagunan 'yan yawon buɗe ido suna ɗorawa a kan teburin falo, suna ce masa kayan gargajiya.

Na uku ba zan daɗe a kansa ba. Da Baba ya rasu, kawunnanka ba wanda ya gaji sana'ar; ɗaya direba, ɗaya yana sayar da waya. Aka fito da gizagonsa uku da gatari da wuƙaƙe aka zube a tsakar gida, aka ce, "Yaya, akwai abin da kike so?" Na ɗauki rediyonsa. Sauran aka ba 'yan gwangwan, suka ɗora a baro tare da ruɓaɓɓun kwanoni. Na yi shekaru ina jin haushin kawunnanka a kan wannan, alhali ni aka fara tambaya. Idan Allah ya haɗa ka da tsohon ma'aikaci da tsofaffin kayan aikinsa, ka zauna, ka tambaya, ka riƙe abin da aka miƙo maka tun ana miƙowa.

Yanzu na zo kan naka.

Da maƙwabcinmu Alhaji Sule ya sare mangwaronsa zai gina shago, ka jawo gungume guda har tsakar gida. Mako uku kana kansa kullum bayan la'asar, ka jingina waya a jikin bokiti, wani bature mai gemu yana yi maka bayani a bidiyo kamar shi ya ƙirƙiro itace. Na tsani baturen nan. Yanzu kuma ina gode masa, domin ya koya wa ɗana abin da uwarsa ta hana shi. Ina zaune a tabarma ina duba takardun jarrabawa, amma ba takardun nake gani ba. Tun ranar farko na ga ka bar zuciyar itacen a tsakiyar akushin. A mako na biyu na ga ka bar gindin da kauri, bangon kuma ka sirantar da shi. Da ka gama ka hau tsani ka ɗora shi a kan rufin kwano, a tsakiyar bazara, wai ya bushe da wuri. Kuskure uku, kowanne da jumla ɗaya zan gyara maka shi. Ban gyara ko ɗaya ba. Na ce a raina ba don wannan na kai ka jami'a ba. Gaskiyar kuwa, in na buɗe baki, 'yar masassaƙin da na tura ƙarƙashin gado ce za ta yi magana.

Ka zaɓi ranar da gwaggonka Asabe, yayar babanku, ta zo yini, ka kawo mini shi a naɗe cikin ɗankwali. Ka tuna abin da ta ce.

"A'a, ikon Allah. An yi digiri an dawo bakin rumfa. Dije, ashe gizagon babanki bai mutu ba."

Amsarta tana kan harshena, kuma ka san da na sake ta da Asabe ba ta ƙara taka gidan nan ba sai da sallah. Amma ban juya kanta ba, kanka na juya. Na ƙwanƙwasa akushin da yatsa na ce, "Ɗanye ne. Ka bar masa zuciya. Kafin Juma'a zai tsage." Na ajiye shi gefe na ci gaba da zuba mata kunu.

Ranar Laraba ya tsage. Ina kicin na ji ƙarar, kamar an karya kara. Ka ɗauko shi ka tsaya a bakin ƙofa.

"Umma, ashe kin san aikin."

"Na sani."

"Tun yaushe kika ga zai tsage?"

"Tun ranar da ka fara."

Ka ce "To." Ka juya. Da ka yi mini rashin kunya da na samu abin riƙewa. Babanku da ya ji labari bai ɗaga murya ba, ka san halinsa. Cewa ya yi, "Malama, kin fi kowa gaskiya a gidan nan, shi ya sa kowa yake cin abinci a ɗakinsa." Na yi kwana biyu ba na yi masa magana, sannan na gode masa a zuci, inda ba zai ji ya samu bakin ƙarawa ba.

Ga abin da ya kamata in gaya maka a ranar farko, yadda na gani a wurin kakanka. Ɗanyen itace ba laifi ba ne, shi ya fi daɗin sassaƙa. Amma gungume sai an fara tsaga shi biyu ta tsakiya, a cire zuciyar a jefar, domin daga nan tsagewa take farawa. Kowane ɓari akushi ɗaya ne. Ka fafe shi sama-sama, ka bar shi da kauri, kuma kaurin ya zama ɗaya daga baki har gindi, don kada wani wuri ya riga wani bushewa su ja juna. Daga nan ka tsaya. Ka tattara ɓarɓashin da ka sassaƙe daga jikinsa, ka binne shi a ciki cikin buhu, ka ajiye a inuwa inda iska take wucewa amma rana ba ta leƙawa. Duk bayan 'yan kwanaki ka fito da shi, ka juya, ka mayar. Baba yana ɗora shi a kumatunsa. In ya ji sanyi, da sauran ruwa. Yana ƙwanƙwasawa kuma. Ɗanye muryarsa a toshe take, busasshe yana amsawa. Wani wata biyu, wani ya fi. Sai ya bushe za ka dawo da ƙaramar wuƙa ka sirantar, ka gyara baki, ka goge, ka shafa man gyaɗa kaɗan-kaɗan, ka bari ya sha kafin ka ƙara. In an ci abinci a ciki a ɗauraye a goge nan take, kada a jiƙa shi, kada a shanya a rana.

Ka ga duka bai cika shafi ɗaya ba. Wannan na riƙe maka mako uku.

Kada ka ce sai akushi. Ka fara da cokali da muciya da ƙotar wuƙa, abin da in ya lalace ba za ka kwana da baƙin ciki ba. Baba ya ce shi ma shekararsa ta farko muciya kawai aka bar shi ya yi, har matan unguwa suka fara roƙonsa ya daina kawo musu. Inda za ka kuma ƙasar daji ce, suna da itatuwan da ba mu da su, suna da masassaƙan da suka gaji abin kamar yadda muka gada. Za ka ga suna sassaƙa fuskar mutum da ta dabba. Mu ba ma yin mai rai, ka san wannan. Amma kada ka je ka tsaya musu a ka da wa'azi. Ka gaishe su da ladabi, ka zauna, ka kalli yadda suke riƙe kayan aiki, ka tambayi sunan kowane itace da halinsa. Wuƙaƙenka ban sa su a jakarka ba, don na san a sansani ƙwacewa za a yi. In ka fito, ka nemi maƙeri a garin ya ƙera maka biyu. Kuma kada sassaƙa ta sa ka makara a wurin aiki ko ka jinkirta salla. Abin hutun rai ne, ka bar shi a matsayinsa.

Saura abu ɗaya da ban taɓa faɗa ba. Bakin akushin nan naka ya yi kyau. Na zagaya shi da yatsa bayan ka fita, babu inda ya yi tudu, babu inda ya faɗa. Wannan ba a koyonsa a bidiyo. Kuma idan kana aiki kana karkatar da kai gefen hagu kana cije leɓe, yadda mai sunanka yake yi, kai da ba ka taɓa ganinsa da gizago a hannu ba. Ranar da na fara lura da haka sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na gode wa Allah da ya dawo mini da abin da na zubar da hannuna, ba tare da na roƙa ba, ba kuma don na cancanta ba. Na gode maka da ka yi mako uku kana yi wa uwarka abu, ka rasa wanda za ka fara bai wa sai ita.

Shekaranjiya, da na ce muku zan je gaisuwar rashin lafiya, Kurmi na tafi. Na bi layin masu akushi da turame har na samu wani tsoho, Baba Ɗanlami, yana gyangyaɗi a bakin rumfarsa. Na gaishe shi na ce ɗanyen itacen ɗinya nake nema, gungume, ba sassaƙaƙƙe ba. Ya buɗe ido ɗaya ya dubi mayafina da jakata.

"Hajiya, me za ki yi da gungume? In girki ne ga masu gawayi can."

"Akushi za a yi, Baba."

"Wa zai yi? Ke?"

"Ni 'yar Malam Garba ce, masassaƙi, na Gwammaja."

Rabon da in faɗi wannan jumla da bakina tun kafin a haife ka. Tsohon ya buɗe ɗaya idon, ya gyara zama, ya ce, "Garba mai akushi da murfi? Ke ce yarinyar nan mai tsiwa da ke riƙe masa buhu?" Na ce ni ce. Ya ce, "Tsiwar tana nan?" Na ce ta ƙaru. Ya yi dariya har da tari, ya yi wa Baba addu'a, sannan ya kwatanta mini inda ake sauke itace.

Gobe za a kawo shi. Na sa an tsaga shi biyu a gabana, an cire zuciyar, zan toshe bakunan da narkakken kyandir in jingina shi a zaure, inda rana ba ta kaiwa. Na san na ce ɗanye ya fi daɗin aiki, amma wannan jiranka zai yi, kuma ɗinya tana da haƙuri. Shekara ɗaya za ka yi, shi ma shekara ɗaya zai yi. Ba na son ka kira ni ka ce ka yafe, don na san tarbiyyar da na yi maka, ko ba ka yafe ba za ka faɗa. Ka dawo da hannun da ya saba da wuƙa, zan gane da kaina. In kuwa ka dawo ka wuce shi a zaure kamar ba ka gani ba, to ka sani ni zan ɗauki gizago, da ciwon gwiwata da tabarauna, in zauna a ƙofar gida da rana tsaka in sassaƙa shi, kuma zan aika a kira gwaggonka Asabe ta zo ta kalla. Ka zaɓi wanda za ka iya ɗauka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka da idonka da imaninka. Allah ya sa ka gama lafiya, ya dawo mana da kai cikin aminci, ya jiƙan wanda ka ci sunansa, ya yafe wa 'yarsa. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka sha maganin zazzaɓin cizon sauro tun kafin ya kayar da kai.

Wassalam.

Mahaifiyarka.